Kalilu da Hayaƙin Motar Hajiya Maiturare

Shekara ashirin da uku rumfata tana jingine da garejin Kalilu a bakin hanyar Zango. Ni walda nake yi, shi makanike ne. Sunana Hafizu. Buta ɗaya muke alwala da ita, inuwar darbejiya ɗaya muke cin abincin rana, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi a bakin wani ba.

A unguwar Kusugu aka haife shi, ubansa gyaran keke yake yi. Da ya tasa sai aka kai shi Kano wurin wani Bayarabe mai gyaran Fijo, ya yi shekara bakwai yana wanke noti da kananzir kafin a yaye shi. Ya dawo Daura da akwatin sifana ɗaya da wata doguwar sukudireba mai ƙotar katako. A zamanin nan duk direban da ke jigilar 'yan kasuwa zuwa Mai'aduwa ko Kwangwalam ya san Kalilu. Ba ya yawan tambaya. Sai ya ce a tayar, ya ɗora bakin sukudirebar a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. In ya buɗe ido sai ya faɗi wurin da ciwon yake, kuma da wuya a buɗe a tarar da wani abu daban.

Da motoci masu kwamfuta suka shigo, sa'o'insa da yawa suka sallama, wasu suka koma gyaran babur, wasu suka koma gona. Kalilu yana da shekara hamsin ya rufe gareji wata uku, ya koma Kano ya zauna a gaban waɗanda ya haifa, ya koyi yadda ake karanta ciwon mota da na'ura. Ya dawo da 'yar na'urarsa a cikin jaka, amma bai jefar da sukudirebar ba. Waɗanda ya koya wa aiki duk sun buɗe nasu wuraren, shi kaɗai yake aikinsa, in abu ya yi nauyi sai ya ƙwanƙwasa mini langalangar da ta raba mu.

Akwai abin da ni da matarsa Hadijatu kaɗai muka sani. Kunnensa na hagu ya mutu tun ranar da tayar wata tirela ta fashe a kusa da shi, na daman ma ya fara nauyi. In ana yi masa magana bakin mutum yake kallo. In ya sunkuya cikin bonet, ko za ka kira shi sau uku ba lallai ya ɗago ba. Mutane suna cewa miskilanci ne, shi kuma ya fi son a ce haka da a ce makaniken da ya yi suna da kunne ya kurumce.

Cikin daminar bara abin ya faru. Hajiya Maiturare, wadda ke haɗa turaren wuta da humra tana kai wa har Damagaram, tana da wata ƙaramar mota ruwan toka da marigayi mijinta ya bar mata. Motar mai turbo ce. Turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta riƙa tura iska cikin inji da ƙarfi, kamar yadda zugazugi ke hura wutar maƙera. Saboda gudun da take yi, baƙin mai na shiga ta wani bututu ya jiƙa ta, ya fita ta wani ya koma cikin inji. Direban motar shi ne Jafaru, mutumin Baure, mai 'ya'ya huɗu, shekararsa tara a gidan.

Ranar Talata Jafaru ya kawo ta a yi juyen baƙin mai, ya kuma ce tana ɗigar da mai a inda take kwana. Kalilu ya yi juyen, ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure yoyon. Ana cikin haka Hajiya ta bugo waya sau biyu, an yi rasuwa a danginsu, tana son a kai ta gaisuwa. Jafaru ya ja mota ya tafi. Na lura Kalilu bai hau ta ya zaga ba kamar yadda ya saba yi wa kowace mota kafin ya sallame ta.

Ranar Asabar da hantsi ina cikin ɗinke ƙyauren wani shago sai na ga wata akori-kura ta jawo motar Hajiya da igiya. A bayansu motar Alhaji Mahdi ce, ƙanen Hajiya, ɗan kwangila, mutum mai saurin hawa. Ya fito, wani sajan na 'yan sanda ya fito, sannan Jafaru. Rigar Jafaru a yamutse take, ba hula a kansa, ƙafarsa ba takalmi. Na kashe injin walda.

"Kalilu," in ji Alhaji Mahdi, ko sallama babu, "ina turbon motar nan?"

Kalilu yana wanke hannu, ya ba su baya, bai ji ba.

"Ka gani ko, Yallaɓai? Ina magana ya mayar da ni mahaukaci."

Na yi sauri na taɓa kafaɗarsa. Ya juyo, ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya tsaya a kan Jafaru.

Sajan ne ya yi bayani, dattijo ne mai sanyin murya. Jiya Juma'a, a hanyar dawowa daga Mashi, motar ta fara fizga tana rawa, hayaƙi ya turnuƙe bayanta har masu babur suna kaucewa. Alhaji Mahdi ya je ya same su, ya sa aka nuna wa wani makaniken bakin hanya. Mutumin ya leƙa ya ce ɗayan biyu ne: ko zoben fistin ya tafi, inji ya gama, ko kuma an cire turbon asali an sa mata matacce, domin ga sabon sawun sifana a jikin notina. Alhaji Mahdi ya haɗa wannan da zuwan motar gareji ranar Talata, ya kai Jafaru ofishin 'yan sanda. A can ya kwana.

"An ce in taho da kai," in ji Sajan. "Ni na roƙa a bari ka duba a gabanmu tukuna, don na san sunanka. Amma Malam Kalilu, in la'asar ta yi ba a ga komai ba, da kai da shi da motar duk ofis za mu. Ka kuma san yau Asabar."

Kowa ya gane abin da yake nufi. Wanda ya shiga ranar Asabar sai Litinin ake maganarsa.

Kalilu bai yi rantsuwa ba, ban ma taɓa jin ya yi ba. Ya ɗauko benci ya ajiye wa Sajan, ya ce da Jafaru ya zauna. Sannan ya ce, "Hafizu, tayar mini."

Na murza makulli. Motar ta kama da ƙyar, sitiyari yana karkarwa a hannuna. Inji yana tafiya yana tsallake, abin da makanikai ke cewa misin, kamar jakin da ya taka ƙaya. Kalilu ya zaga baya ya tsuguna a bakin salansa, ya tara tafin hannunsa a cikin hayaƙin, ya shinshina, ya murza yatsunsa.

"Yallaɓai, zo ka gani," ya ce. "Hayaƙi iri uku ne. In baƙi ne, fetur ya yi yawa. In fari ne tas yana tashi kamar tururin tukunya, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Wannan shuɗi-shuɗi ne, ga maiƙo a hannuna. Baƙin mai take ƙonawa."

"Wannan ai mun sani," in ji Alhaji Mahdi. "Wa ya sa ta ƙonawa nake tambaya."

"Shi nake nema, Alhaji."

Ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari. Ta nuna silinda ta biyu da ta uku ba sa kama wuta daidai. Ya kashe mota, ya musanya koyil ɗin ta biyu, wato abin da ke ba fulogi wuta, da na ta ɗaya, ya ce in sake tayarwa. Ciwon bai bi koyil ba, yana nan inda yake. Ya kwance fulogi huɗun ya jera su a kan tsumma. Dukkansu baƙi ƙirin, jiƙe da mai, biyu na tsakiya har ɗiga suke.

Zuwa lokacin mutane sun fara taruwa. Masu faci, 'yan acaɓa, mai rake na tsallaken titi, har da wasu direbobin da Kalilu ya shekara yana yi wa aiki. Suka yi cirko-cirko suna kallo. Gabas ta fara haɗa hadari, iska ta tsaya cak, zufa tana bin bayan kowa.

Kalilu ya ɗauko gejin da ake auna ƙarfin matsin iska a cikin inji, ya ɗaura a ramin fulogi na farko, ya ce in murza. Allura ta hau. Ya kira Sajan ya riƙe lambar a kansa. Haka ya bi huɗun, allura tana tsayawa kusan wuri guda.

"In da zobe ya tafi, da wannan allurar ta faɗi," ya ce. "Injin nan lafiyarsa lau. Man ba daga ƙasa yake hawowa ba. Tunda ya jiƙa huɗun gaba ɗaya, tare da iska yake shigowa."

Na ga Jafaru ya ɗago kai a karo na farko. Amma da Kalilu ya sassauta ƙaton tiyon da ke kawo iska daga turbo, sai baƙin mai ya kwararo ya ɓata masa wando, ya yi tafki a ƙasa. Mutane suka ja da baya.

Alhaji Mahdi ya tafa hannu. "To. Ga shi nan da bakinka da hannunka. Turbo. Yallaɓai, me kuma muke jira?"

Sajan ya duba agogonsa. An riga an kira azahar, ba wanda ya motsa. Ya ce a je a yi salla a dawo. A masallacin bakin titi na tsaya kusa da Kalilu a sahu, ina jin numfashinsa. Jafaru ya yi tasa a kan tabarmar gareji, Sajan yana zaune a gefensa.

Da muka dawo Kalilu ya cire tiyon gaba, ya zura yatsa ya kama tsakiyar fankar turbo. Ya girgiza ta sama da ƙasa, ya tura ta ciki ya jawo. Ya kama hannun Sajan ya sa masa yatsa a wurin.

"Ka ji tana wasa?"

"A'a."

"Matacciyar turbo kamar haƙori mai girgiɗi take. Wannan daram take. Yanzu dubi nan." Ya haska masa da tocila manyan notina huɗu da suka riƙe turbon a jikin inji. Tsatsa ta haɗe su da ƙarfen, har da busasshen laka a kansu. "Waɗannan sifana ba ta taɓa su ba tun kafin motar ta shigo ƙasar nan. Ba yadda za a cire turbo ba a kwance su ba."

Sajan ya daɗe yana dubawa. Ya kira ni, tunda aikina ƙarfe ne, ya ce in faɗi tsakanina da Allah. Na ce ko ni aka ba su sai na sa wuta kafin su motsa.

"Sabon sawun sifanar fa?" in ji Sajan.

"Yana ƙasa, a kan ƙananan noti biyu. Ni na kwance su ranar Talata da na ɗaure yoyo."

Maganar sata ta mutu a nan, kowa ya gani. Na ɗauka Alhaji Mahdi zai sauko, amma mutumin da ya kwanar da bawan Allah a ofis ba ya son a ce a banza ya yi. Ya juya kan Jafaru.

"In ba a sace ba, to kashe ta aka yi. Wannan mutumin in ya sauke Hajiya wa ya san inda yake zuwa da ita? Wa ya san irin man da yake ɗura mata a bakin hanya? Na daɗe ina gaya mata."

"Alhaji, ka ji tsoron Allah," in ji Jafaru. Iyakar abin da ya faɗa ke nan tun zuwansu.

Kalilu bai ji su ba, kansa yana cikin bonet. Ya zaro gejin mai, man bai wuce ƙa'ida ba, ya ma ɗan ragu. Ya buɗe iyakilina mai tace iska, tsaf take. Ya mayar da fulogi, ya ce in tayar, ya buɗe murfin da ake zuba mai ya ɗora tafin hannu a bakin, ko inji na huro iska ko yana zuƙa fiye da kima. Babu ko ɗaya. Ya ce in kashe.

Sai ya tsaya. Ya dafa motar da hannu biyu yana kallon wuri ɗaya. Na san fuskarsa in yana neman abu, na kuma san ta in ya samu. Wannan ba ko ɗaya ba ce. Turbo lafiya, inji lafiya, amma mai yana tsallakowa cikin iska. Ni da ba makanike ba na iya lissafa abin da ya rage: man yana shiga turbon, hanyar fita ce babu.

Ya ɗaga motar da jak, ya sa mata dutse, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi da sifana lamba goma da tocila a baki. Muka ji ƙarar noti na farko, muka ji na biyu. Muka ji mai ya zubo a kan kwali. Daga nan shiru.

Kalilu bai fito ba. Iska ta taso ta fara kaɗa langalanga. Sajan ya sake duba agogo, saura kaɗan a kira la'asar. Na tsuguna na ce, "Yaya Kalilu, lafiya?" Ƙafafunsa kawai nake gani, ko motsi ba sa yi.

Abin da ya faru a ƙarƙashin motar, bayan wata biyu ya gaya mini. Ya ce da ya janye bututun da ke mayar da mai, sai ya ga bakinsa a toshe da wani curin jan gam, girman ɗan magarya. Ranar Talata ya tarar gaskit ɗin wurin, wato ɗan faifan da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don hana yoyo, ya mutu, babu irinsa a Daura, Hajiya kuma tana ta waya. Sai ya shafa gam ya ɗaure, da niyyar in an kawo gaskit daga Kano ya kira Jafaru a sake. Gam ɗin ya yi yawa, da ya matse noti sai ya tumbatsa ta ciki, zafi ya dafa shi, ya ɓalle ya rufe hanya.

"Hafizu," ya ce, "babban yatsana kaɗai ya isa. In danna curin gam ɗin nan cikin ƙasa, in fito in ce dattin tsohon mai ne ya toshe. Ba mahalukin da zai ƙaryata ni a garin nan. Har na cire shi na ajiye a ƙasa." Ya ce abin da ya tsayar da shi, daga inda yake kwance ƙafafu kawai yake gani. Ga takalmin Alhaji Mahdi yana kai da kawo, ga but ɗin Sajan, ga ƙafar Jafaru tsirara, yatsunsa sun kama ƙasa. In ya ce dattin mai ne, to ya ba Alhaji Mahdi sandar da yake nema ta dukan Jafaru.

Ya fito da baya da baya, hannunsa ɗaya a dunƙule, mai ya wanke masa damtse har kafaɗa. Daidai lokacin adaidaita sahu ta sauke Hajiya Maiturare, ashe labari ya kai mata cewa mutane sun taru a kan motarta. Aka buɗa mata hanya. Kalilu ya je gabanta ya buɗe hannu.

"Hajiya, ga abin da ya hana motarki lafiya. Gam ne. Ni na sa shi da hannuna ranar Talata a inda gaskit ya kamata. Ya toshe hanyar mai, man ya rasa inda zai bi, ya tsallaka cikin iska da salansa. Ba a saci komai ba. Jafaru bai yi komai ba, bai ma san na sa ba."

Ya juya wurin Sajan. "Yallaɓai, akwai saura. Gaskit ɗin ya iso tun ranar Alhamis, yana cikin akwatina. Na ce sai yau Asabar zan kira shi. Da na kira ranar da ya zo, da bai kwana a wurinku ba."

Wani daga cikin direbobin ya yi salati a hankali. Jafaru ya rufe fuska da tafukansa.

"Ka ji da kunnenka," in ji Alhaji Mahdi. "Ya amsa laifinsa. A tafi da shi."

"Alhaji, ƙarar sata ka kawo," in ji Sajan. "Sata kuwa babu. Wannan kuskuren aiki ne, tsakaninsa da mai mota."

Kowa ya dubi Hajiya. Ta ɗauki curin gam ɗin da yatsa biyu ta juya shi. Ba ta dubi ƙanenta ba.

"Malam Kalilu, za ta tashi?"

Bai ga bakinta ba saboda mayafi, sai da na maimaita masa.

"Ban sani ba tukuna, Hajiya. In zafin bai cinye cikin turbon ba, za ta tashi. In ya cinye, ni na kashe ta."

"To gyara mu gani." Sannan ta ce da Jafaru, "Tashi ka je gida wurin iyalinka." Jafaru bai tashi ba, ya ce sai ya ga ƙarshen abin.

Bayan la'asar Kalilu ya kankare bututun, ya busa shi, ya sa sabon gaskit. Muka cire tiyoyin iska da ƙaramin lagireton da ke sanyaya ta, muka wanke da fetur har sai da abin da ke fitowa ya zama fari, muka bari suka bushe. Ya sa sababbin fulogi, ya cika mai. Ya ɗaure noti na ƙarshe, ya sauke motar daga jak.

Na murza makulli. Ta kama nan take, rawar ta tafi, sitiyari ya tsaya lafiya a hannuna. Na leƙa madubi. Hayaƙin yana nan, ya ma fi na safe kauri, har ya rufe rumfata.

Alhaji Mahdi ya yi wata 'yar dariya. "An gyara ke nan."

"Man da ya taru a cikin salansa ne," in ji Kalilu. "Sai ta yi tafiya ta ɗau zafi zai ƙone. In mun je Zango mun dawo bai ɗauke ba, turbon ta tafi."

Shi ya karɓi tuƙi. Alhaji Mahdi ya zauna a gaba, ni da Sajan a baya, mun juya muna kallon gilashin baya. Muna fita gari ruwa ya sauko. Gero a gonaki ya kwanta gefe guda saboda iska. Hayaƙi yana bin mu kamar jela, ruwa yana dukansa yana kwantar da shi a kan kwalta. Kalilu ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana taka ta a hankali, yana ƙarawa, yana saki. Duk lokacin da ya saki totur ya sake takawa sai wani sabon gungu ya fito, Alhaji Mahdi ya yi ƙwafa.

Mun kusa Zango Sajan ya ce, "Kamar ya ragu." Na ce ruwa ne ke ɓoye shi, don ina tsoron in sa rai. Muka juya a bakin kasuwa. A hanyar dawowa ruwan ya tsagaita. Kalilu ya samu miƙaƙƙen wuri ya taka ta sosai, na ji turbon ta yi fito siriri, motar ta miƙe. Ya saki, ya sake takawa. Na manna goshina a gilashi. Babu komai a bayanmu sai feshin ruwan taya.

"Ya ɗauke," in ji Sajan.

Kalilu bai ji ba. Na dafa kafaɗarsa ta dama na faɗa da ƙarfi a kunnensa. Ya gyaɗa kai kawai, bai saki sitiyarin ba har muka shiga gareji.

Hajiya ta tafi da motarta a ranar, kuma har yau wurinsa take kawo ta. Alhaji Mahdi bai ba kowa haƙuri ba, ya kuma baza labarin gam a duk majalisar da ya zauna. Wasu masu manyan motoci sun ɗauke ƙafa daga garejin, akwai ma wanda Kalilu ya yi wa aiki shekara goma sha biyar da ya koma wucewa yana kallon gefe. Wasu sababbi sun zo saboda labarin, amma ba su kai waɗanda suka tafi ba. Bai taɓa yi mini ƙorafi a kai ba.

Jafaru kuwa bai koma aiki ba. Hajiya ta aika masa sau biyu, ya ce ya gode, amma ba zai iya sake zama a gidan da aka kira shi ɓarawo ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma Baure.

Da kaka ta yi, wata Lahadi Kalilu ya ce in raka shi. Muka hau babur ɗina muka tafi Baure, muka tarar da Jafaru a gona yana ɗaure damin gero. Ya shimfiɗa mana buhu a gindin gawo, ya kawo ruwa a jarka. Kalilu ya ƙi zama a kan buhun, ya tsuguna a gabansa, shi da ya girme shi da kusan shekara ashirin.

"Na zo neman gafara ne. Kwanan da ka yi a can da aikin da ka rasa, duk a wuyana suke."

Jafaru ya daɗe yana tsinke ganyen kara da farce.

"Baba Kalilu, ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi da kai. Babbar 'yata ta ji a makaranta ana cewa an kama ubanta. Wannan har yanzu bai fita daga raina ba." Ya jefar da ganyen. "Amma na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Kalilu yana kallon bakinsa har ya gama. Ya ce amin. Jafaru ya ce tunda mun zo ba za mu tafi haka ba, akwai injin ban ruwan ƙanensa da ya ƙi tashi tun watan jiya. Muka bi shi cikin gari, Kalilu ya nemi aron sifana, muka zauna a zaure ya buɗe shi. Sai bayan azahar muka kamo hanyar Daura, da rabin buhun wake ɗaure a bayan babur.